Anti Tela a Bayan Ganguna

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Anti Tela ya san ƙafafunta ba sa zama wuri ɗaya. Ko awo take yi maka, tef a wuya, allura a baki, ƙafar dama na buga ƙasa, ta hagu na amsa mata. Mijinta, direban motar biredi, ya ce da farko ya ɗauka sauro ne ke damunta.

A gida ta samo abin, ko da yake ba wanda ya koya mata. Mahaifinta, Baba Saje, a badujalar 'yan sanda ya yi aiki har ya yi ritaya, shi ne mai ƙaramar ganga a sahun gaba. Tana yarinya takan tsuguna tana kallonsa yana goge gangar, amma taɓawa babu. "Kayan gwamnati ne," yake cewa. Sai ta zagaya bayan gida da cokula biyu, ta kife bokiti da baho da murfin tukunya. Ta fasa robobi, ta sha faɗan uwa. Da ta girma aka kai ta koyon ɗinki, ta yi aure, ta haifi uku, maganar kiɗa ta kwanta.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonta da garejin Oga Bakanike. A nan, duk Lahadi da la'asar, wasu mutum huɗu ke ture motoci gefe, su jona lasifika, su yi ta sake tsofaffin waƙoƙin rok na ƙasashen waje, irin waɗanda rediyo ke sakawa lokacin suna yara. Ta bangon nan ta san su kaf.

Oga shi ne mai jita. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da galan ɗin mai da wayar birkin keke, kuma har yau da kunne yake kama waƙa, kamar yadda yake gane ciwon mota. Mai waƙar malamin lissafi ne, siriri mai tabarau. Yayansa direban babbar mota ne, a gaban motar nan malamin ya haddace kaset-kaset tun bai san ma'anar kalma ɗaya ba. A aji da ƙyar ɗalibai ke jin muryarsa, amma in ya riƙe makirufo sai kwanon garejin ya ɗauki rawa. Sai Sista, ma'aikaciyar jinya, mai jitar bas, wato mai kaurin muryar nan da ake ji a ƙirji. Ita a makarantar kwana ta koyi piyano wurin wata tsohuwar malama mai dukan yatsu da rula, don haka ita kaɗai ce ta iya karanta rubutun kiɗa. Na huɗun, mai ganguna, ma'aikacin banki ne. Aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi ya bar musu gangunan lulluɓe da tampol.

Suka koma bin kiɗan ganga da suke kunnawa a waya. Abin ya ƙi. Wata Lahadi Anti Tela na kan ɗinkin da za a karɓa washegari, tana jin su suna tuntuɓe a wuri guda, su tsaya, su sake, su kuma faɗi a nan. Ta dinga cije leɓe har ta ɗinke hannun riga a baibai. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, sai ga ta a ƙofar gareji da almakashi a hannu.

"Lafiya, Anti?" in ji Oga. "Mun dame ki ko?"

"Kun dame ni mana. Wurin nan da kuke faɗuwa, ganga ce ya kamata ta ɗauke ku. Waya ba ta jiran kowa."

Malam ya gyara tabarau. "To ai mai gangar ne babu."

Ta dubi tampol ɗin. Sista, wadda ta daɗe tana kawo mata ɗinki, ta lura da inda idonta yake, ta je ta yaye shi. "Zauna, Yaya."

Anti Tela ta zauna. Ta ɗora ƙafa kan abin taka babbar ganga, sai dariya ta kama ta, don kuwa da ƙafar keken ɗinki ba su da maraba. Ta taka. Ƙarar ta bi ta ƙasan kujera ta hau mata har wuya. Ta sake takawa, ta kai wa faifan ƙarfen da ke saman gangunan sanda, Oga ya shigo da jita, Malam ya buɗe murya. Suka zo wurin nan da suke faɗuwa, suka wuce shi a guje. Sai dai murna ta kwashe ta, ta yi ta ƙara sauri, har Malam ya ajiye makirufo yana haki.

"Anti, ba tsere muke ba," ya ce.

"Kun ɗauke ni ko in koma shago?"

"Wane shago?" in ji Oga. "Lahadi ƙarfe huɗu."

Daga nan aka shiga aiki, aka kuma shiga gardama. Sista ta ce sai an ƙirga bugun kiɗan, Oga ya ce waƙa ba allura ba ce da za a auna ta. Anti Tela na tsakiya. Sista ta koya mata riƙe lissafin kiɗa a ka, Oga ya koya mata sakin jiki, Malam kuma ya cika mata waya da waƙoƙi, tana ji tana yanka yadi. Mijinta ya saya mata sababbin sanduna, ya ce gara su da cokulan gidansa.

Matsalar wuyan hannu ce. Bayan 'yan makonni ya kumbura, har almakashi ya gagare ta. Ta je gaida mahaifinta, wanda yanzu ido ya yi rauni amma kunne na nan garau, ta gaya masa gaskiya cewa ganga take bugawa, tana sunkuyar da kai. Ya ce ta miƙo sandunan.

"Yaya kike riƙewa?"

Ta nuna masa. Ya shafa yatsunta, ya girgiza kai. "Wannan ai riƙon muciya ne. Sassauta. Sanda ita ke dawowa da kanta, ke dai ki tare ta."

Ya buga a kan hannun kujera, wani kiɗa mai yauƙi kamar ruwa a kan kwano, wanda rabonta da ji tun tana yarinya. Lahadin da ta biyo baya ya sa aka kai shi garejin da kujerarsa. Ya saurari waƙa ɗaya, ya ce abin ya yi kama da motar tukwane ta faɗi a kan kwalta, amma a sake daga farko. Tun ranar bai taɓa fashi ba, har Oga yakan ƙame in ya shigo.

Da aka gama gyaran filin wasan unguwa, kwamitin unguwar ya nemi su yi wasa ranar buɗewa. Anti Tela ta ɗinka musu riguna baƙaƙe masu jan kwala. Dandalin kuwa bayan wata babbar mota ce da Oga ya gama gyarawa, mai ita bai zo ɗauka ba. Da ta hau ta hango jama'a, sai ta ja da baya. Rabin matan da ke wurin kayan da ta ɗinka ne a jikinsu, suna nuna ta suna taɓa juna.

Sista ta matso. "Kada ki dube su, Yaya. Ni za ki duba."

Ta ɗaga sanduna, ta haɗa su sau huɗu, suka faɗa waƙar tare. Kafin a kai amshi yara sun cika gaban motar suna tsalle. A waƙa ta uku ɗaliban Malam, da suka zo don su yi masa dariya, su ne ke amsa masa da ƙarfi. Motar kanta lilo take a kan tayoyinta. Oga ya durƙusa da jita, tashi ya gagare shi, sai da Malam ya miƙa masa hannu yana cikin waƙa. Sandar Anti Tela ɗaya ta kuɓuce ta yi sama, ta ci gaba da ɗaya da ƙafa har 'yarta ta tsinto ta jefo mata, ta cafke, filin ya ɗauki ihu. Can gefe mijinta na bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Uwar gidana ce fa," har da waɗanda suka halarci ɗaurin aurensu. Sun shirya waƙa takwas, sai da suka maimaita uku kafin a bar su su sauka. Ta sauko jiƙe da gumi, bakinta ya ƙi rufuwa.

Ranar Litinin ta buɗe shago a makare, kafaɗa kamar an yi mata duka. Tana cikin shara wata mata ta yi sallama, ta ce ita ce shugabar makarantar 'yan mata da ke bayan asibiti.

"Ɗinki ne, Hajiya?"

"A'a. Muna da ganguna a sito, sun shekara da shekaru ba mai taɓawa. Tun shekaranjiya da suka ga wasanku yarana suka hana ni sakat. Ko za ki ba mu Asabar ɗinki, ki koya musu?"

Anti Tela ta dubi tarin yadin da ke kan tebur, ta jingine tsintsiya, ta ce a je ta gani tukuna. Siton duhu ne da ƙura, ɓeraye sun cinye fatun biyu, ƙarafan sun yi tsatsa, amma jikin gangunan lafiya lau. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ta kasa kunne, ta ciro waya ta kira Oga ya zo da sifana da man birki, ya biya ya ɗauko Baba. Kafin su iso, ita da shugabar sun naɗe hannun riga, sun fara fito da gangunan rana.