Dogon Lauya da Dokar Kwana Casa'in

Mahaifinsa masinja ne a kotu. Shekara talatin yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, bai taɓa karanta layi ɗaya a ciki ba, don bai yi boko ba. Ranar da ɗansa na uku ya sa baƙar riga da farar hular lauyoyi, tsohon ya zagaya shi sau biyu yana kallo, sannan ya ce, "To Dogo, yanzu sai ka riƙa gaya mini abin da nake ɗauka."

Dogo ake ce masa a gida, a waje kuwa Dogon Lauya, don sai ya sunkuya yake shiga yawancin ƙofofi. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani tela, da fanka mai kuka da kujeru uku, ɗaya an ɗaure ƙafarta da waya. Shari'ar fili da ta haya yake yi, su ne ke kawo na cefane.

Wata Talata ya je gidan yari ganin wani da yake karewa. Yana fitowa sai ya ji an riƙo gefen kwat ɗinsa ta tsakanin ƙarafa. Wani magini ne, an kama shi bisa zargin satar buhun siminti biyu.

"Ranka ya daɗe, don Allah tambayar mini yaushe za a kai ni gaban alƙali."

"Yaushe aka kawo ka?"

"Matata na da ciki a lokacin. An ce yaron ya shiga makaranta bana."

Dogo ya bi sawu. Ashe ɗan sandan da ke riƙe da ƙarar an canza masa wurin aiki, fayil ɗin kuma ya yi ɓatan dabo. Ko da an sami maginin da laifi, hukuncinsa ba zai wuce wata shida ba. Sati uku Dogo yana haƙa a ɗakin ajiyar takardu, har ya zaƙulo fayil ɗin a bayan kabad, gara ta ci rabinsa. Cikin minti goma alƙali ya sallami mutumin. Magini ya fito bakin titi ya tsaya yana waige-waige, an yi sababbin gine-gine, ya kasa gane hanyar gidansa. Dogo ne ya kai shi a mota.

Daga ranar, kowace Talata yana gidan yari. Cikin shekara goma sha ɗaya ya fitar da mutum ɗari da 'yan kai, amma duk gadon da ya bari babu kowa, kafin sati ya zagayo mutum biyu na kwance a kai. Matarsa nas ce a asibiti. Wata safiya ta gan shi ya tasa shayi a gaba ya kasa sha, ta ce, "Mu a wurinmu, idan masu gudawa suka yi yawa daga unguwa ɗaya, ba gado muke ƙarawa ba. Rijiyarsu ake zuwa a duba."

"Rijiyar nan a majalisa take," in ji shi.

"To, ƙafarka ce ta karye?"

Karon farko da ya tsaya takarar majalisar jiha ya sha ƙasa, kuma ya cancanta. In ya hau mumbari sai ya hau kawo sashe kaza ƙaramin sashe kaza, har wani direban tasha ya ɗaga murya, "Lauya, nan fa ba kotu ba ce, yi mana Hausa!" A karo na biyu mutanen da ya fitar ne suka bi gida-gida, su da iyayensu da matansu. Ya ci da ƙyar, da ratar da ba ta kai ƙuri'a ɗari huɗu ba.

Da ƙuduri ɗaya ya shiga zauren. Duk wanda aka tsare kwana casa'in ba a fara shari'arsa ba, a sake shi. Kuma kowane wata uku alƙali ya taka da ƙafarsa zuwa gidan yari ya duba waɗanda ke jira. Aka tafa masa, aka yi karatu na ɗaya da na biyu, aka miƙa wa kwamiti. A can ƙudurin ya yi barci shekara biyu da rabi.

A gida kuwa kullum safiya ƙofarsa cike take. Wannan ɗansa na neman aiki, wancan unguwarsu transfoma ta ƙone. Ya samo musu famfo biyu da azuzuwa uku, amma bai iya zaman jira a ofishin kwamishina yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Yayarsa ta zo har falo ta ƙi zama. "Ɗan majalisar maƙwabtanmu ya gina musu kasuwa. Kai me ka gina? Takarda? In na shiga taron mata sai in rasa inda zan sa fuskata."

"Yaya, dokar nan za ta fi kasuwa daɗewa."

"Sai a haife ta tukuna mu gani."

Saura wata huɗu wa'adinsu ya ƙare, kakakin majalisa ya kira shi ofis. Tsohon ɗan siyasa ne mai yawan fara'a, da kansa ya zuba masa ruwa. Ya ce 'yan sanda da ma'aikatar shari'a ba za su bari dokar ta wuce haka ba, sai an ƙara layi guda: a saki mutum, sai dai idan mai gabatar da ƙara ya nuna dalilin jinkiri.

"Mai girma kakaki, wannan ai ƙofa ce da raƙumi zai wuce da kayansa."

"Na sani, Dogo. Amma da babu gara ba daɗi. In muka tashi ba a yi ba, wa ya gaya maka za ka dawo?"

Kwana uku yana juya maganar. Ya san lauyoyin da suka yi wahalar nan tare da shi za su ce ya sayar da su, wasu kuwa suka faɗa. Ya amince. Doka ta wuce, gwamna ya sa hannu. A hoton da jarida ta buga, Dogo na can gefe, an yanke masa kai saboda tsawo.

Bai dawo ba kuwa. Jam'iyya ta ba wani dillalin motoci tikiti. Dogo ya kwashe littattafansa ya koma saman shagon tela.

Ƙarar farko da ya ɗauka ta wani direba ce da ya yi wata bakwai a tsare. Dogo ya miƙe ya karanto dokar da ya rubuta da hannunsa. Lauyar gwamnati, matashiya da ba ta fi sa'ar 'yarsa ba, ta tashi ta karanto layin nan guda, ta ce bincike bai kammala ba. Alƙali ya ƙi sakin direban. A baranda ta same shi ta rusuna. "Baba, ka yi haƙuri, aikina ne."

"Kin karanta daidai, 'yata. Ni na yarda aka sa shi."

Ranar bai iya kallon matar direban a ido ba. Amma bayan wata biyu alƙali ya kai ziyarar da doka ta wajabta masa, ya zauna a tsakar gidan yari da tebur, aka riƙa kawo mutane ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da bakwai ya saka a yini guda, har da direban. A shekarar, waɗanda suka fita ta wannan hanya sun ninka duk waɗanda Dogo ya fitar a rayuwarsa, kuma yawancinsu ba su taɓa jin labarinsa ba.

Yanzu ya haura sittin, gwiwa ta hana shi hawa bene, suka yi musaya da tela, shi a ƙasa, kekunan ɗinki a sama. Ya rubuta gyaran da zai cire layin nan, shafi ɗaya tak, yana ba duk ɗan majalisar da ya faɗo hannunsa. Biyu sun yi alkawari sun manta. Kwanakin baya sabon wakilin mazaɓar ya zo gaishe shi, ya karɓi takardar ya naɗe zai sa a aljihu.

"Zan duba, ranka ya daɗe."

"Duba yanzu. Ga kujera."

Mutumin ya kalli agogo, ya kalli direbansa da ke jira a waje, sannan ya zauna ya warware takardar. Da ya kai ƙarshe ya sake komawa farko, ya ɗago ya ce, "Wannan dalilin jinkirin, wa ke tantance shi?"

Dogo ya jawo kujerarsa kusa, ya cire tabarau ya goge, ya fara yi masa bayani.