Jirgin da Inna ta kyautar

Maigidana likita ne, Bakatsine da bai ga teku ba sai da ya yi gemu, amma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanmu a Upper Marlboro, nan ƙasar waje, cike yake da jiragen ruwa. Ƙanana ne, na katako da roba, yana haɗa su da gam da hantsaki. Waɗanda ya fi ji da su wasu jiragen yaƙi ne uku na zamanin yaƙin duniya, masu gudu da dogayen bindigogi, da aka ƙera da zane ɗaya. Na sha labarin jiragen na ainihi har na haddace ba da son raina ba: ɗaya an nutsar da shi, ɗaya ya tsufa an yayyanka ƙarfensa, na ukun aka bai wa wata ƙasa ta sake masa suna. Na ukun nan ya fi ba shi wahala, shekara da shekaru yana fama da wayoyinsa.

Da Inna, mahaifiyarsa, ta zo aikin ido, ta leƙa ɗakin ta ce da ni, "Yanzu yaron nan da girmansa yake wasa?"

Wata Asabar yana asibiti, wata 'yar garinsu ta zo daga Silver Spring gaishe ta, tare da jikarta. A wurin Inna, yaro ba ya barin gida hannu rabbana. Ina kicin Inna ta lallaɓa ɗakin jiragen. Fitowata ke da wuya na ga na ukun a hannun yarinyar, an riƙe shi ta wuya kamar kaza. Amma wa zai tare kyautar suruka a gaban baƙi? Na raka su har mota.

Da maigidana ya dawo ya durƙusa gaishe da Inna, ita da kanta ta faɗa masa. "Na ba yarinyar ɗaya. Biyu ai sun ishe ka."

Kansa a ƙasa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Inna."

Daga baya na same shi tsaye gaban kantar jiragen, ya ba ni tausayi ƙwarai. Na ce bari in kira matar, mu musanya da 'yartsana.

"Kyautar Inna zan karɓo?" in ji shi. "Dama shi ne wanda aka bayar."

Bai sake ƙera wani ba. Tun rasuwar Inna, in yana share ƙurar biyun nan, har gurbin na ukun yake gogewa.