Inci Uku na Yaya Hafsatu

Akwai wata Asabar da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ita nake so in ba ku labarinta, ku da kuka fara koyon ɗinki a shagonmu bana. Lokacin ina aji biyar na sakandare. Bayan an tashi daga makaranta nakan wuce shagon Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, a nan cikin Kazaure. Awo shi ne aikina, domin ta ce hannuna ba ya rawa.

Ga yadda ake yi a wancan lokacin. Mai awo za ta zagaya tef a kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, tana faɗin incin da ƙarfi, Gwaggo kuma tana rubutawa a littafin awo daga kan kekenta. Kowace mai kawo ɗinki tana da shafinta, sabon awo a ƙarƙashin tsoho.

Ranar, Yaya Hafsatu ta shigo da atamfa. 'Yar garin Gwiwa ce, a shekarar farko take a kwaleji, kuma mu muka ɗinka mata kayan da ta fara zuwa da su. Mata huɗu ne zaune a benci suna jiran ɗinkinsu. Na auna ƙugunta, na faɗa.

Gwaggo ta dubi shafin ta ce, "Kai, 'yar nan! Inci uku a zango ɗaya? Lallai makaranta ta karɓe ki."

Wata Hajiya da ta san gidansu ta yi dariya ta ce, "Masha Allah! Jikin uwarta za ta yi, sak."

Yabo ne suke yi, kowa ya sani. Amma ni da nake durƙushe a gabanta na ga ta ja cikinta ciki, har tef ya yi sako-sako a hannuna. Ta yi murmushi kawai.

Bayan wata guda ta dawo da siket ɗin da muka ɗinka mata da atamfar, a rage mata. Na rage inci biyu. Bayan mako uku ta sake dawowa, na rage biyu. Duk zuwan da za ta yi sai ta zaɓi lokacin da Gwaggo ta shiga sallar La'asar. A zuwa na uku na lura da abubuwa: leɓenta ya bushe, agogonta ya gangaro har bayan hannu, kuma da na ce ta ɗaga hannuwa sai ta dafa bango. Awonta ya faɗi ƙasa da wanda ta shigo kwaleji da shi da inci huɗu. Tana mayar da hijabinta kuwa, ba wanda zai ce wani abu ya canja.

Ni ba mai magana ba ce, kun sani. Kwana biyu siket ɗin yana kan kekena, na zana layi da alli amma na kasa sa almakashi. A rana ta uku na ɗauki littafin na buɗe shafinta, na ajiye a gaban Gwaggo, na sa yatsa a kan lambobin. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya rage waɗannan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Sau biyu, ba ki faɗa mini ba?"

Na sunkuyar da kai.

Da Yaya Hafsatu ta zo karɓa, Gwaggo ta sallami kowa ban da ni, ta saki labule.

"Zauna, 'yata. Yaushe rabonki da tuwo?"

"Ina ci, Gwaggo."

"Ni za ki yi wa ƙarya? Shekara ashirin ina auna mata."

Sai ta fashe da kuka. Ta ce a ɗakin kwanansu na kwaleji abinci ba ya wuce soyayyar taliya da fanke da lemon kwalba, shi ya sa ta ƙaru. Mahaifiyarta kuma ciwon suga ne ya sa aka yanke mata ƙafa bara. Tun ranar da aka ce jikin uwarta za ta yi, ta daina karin kumallo, ta daina cin na rana, sai wani shayin rage ƙiba da wata ta ba ta. Sau biyu tana faɗuwa a aji. Idan labari ya kai Gwiwa, ta ce, mahaifinta zai ɗauke ta daga makaranta, ga jarrabawa saura mako biyu.

Gwaggo ta rufe shago tun lokacin tashi bai yi ba, abin da ban taɓa gani ba, ta kai ta asibiti. An gwada jininta: ba ta da suga, amma jinin ya yi ƙasa ƙwarai. Ma'aikaciyar jinyar ta hana ta shayin, ta ce ta ci sau uku a rana, wake da ganye da ƙwai, ta sha ruwa maimakon lemo, idan ta ji ƙarfi ta riƙa takawa zuwa aji a ƙafa.

Ba ta tsira gaba ɗaya ba. Takardar jarrabawa ɗaya ta wuce ta tana kwance, sai da ta maimaita a shekara ta biyu. Amma ba a ɗauke ta ba, bana ma take gamawa.

Abin da na koya shi ne, a garin nan mace za ta iya ramewa wata uku ƙawayenta ba su sani ba, malamanta ba su sani ba, har mahaifiyarta. Tela ce kaɗai ke taɓa ta. Don haka idan yarinya ta kawo muku ragi karo na biyu, ku ajiye almakashin, ku tambaye ta me ta ci da safe.