Ranar Masoya Na Je Katsina Neman Kabarin Maigidana

Shekarar da aka yanke mu daga Kaduna aka ba Katsina jiharta, ina goyon autata. Damina biyu bayan haka ciwon ciki ya kama maigidana, ƙannensa suka ɗauke shi zuwa asibiti a Katsina, can ya cika. A makon nan ruwa ya cinye hanyar garinmu, babu motar da za ta kawo gawa, sai suka binne shi a maƙabartar Kirista ta can, suka dawo mini da rigarsa da takalmansa. Suka ce sun kafa masa allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Su ukun da suka sa shi a ƙasa duk sun bi shi. Ni kuwa tun da nake ƙafata ba ta taɓa taka birnin Katsina ba sai watan jiya. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, saboda matan zumuntarmu ta majami'a da ba su samu zuwa ba.

Da asubar Asabar muka tashi, ana saura 'yan kwanaki maƙwabtanmu Musulmi su kama azumi. Mota ɗaya muka cika, mu da tulunan kiɗa da caki. Wata majami'a ce a birnin ta gayyace mu waƙa, kuma kowa ya san ni ce mai ba da waƙa a zumuntarmu tun waɗannan matan suna yawo ba zane. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ba waƙar ce ta fitar da ni ba. Gwiwata ta fara ƙin tafiya, idona na hagu ya fara hazo, na ce in ban ga kabarin nan bana ba, to ba zan gan shi ba.

Direba ya ce ba zai bi ta Ƙanƙara ba, babu wadda ta tambaye shi dalili. Muka fita Malumfashi muka miƙe har Gidan Mutum Ɗaya, wanda yanzu mutanensa sun fi ƙarfin ƙirga, suna ne kawai ya zauna. Nan muka tsaya karin kumallo. Ƙosan da mai suya ta ba ni na naira ɗari biyar bai rufe tafin hannuna ba. Na tambaye ta ko da zinariya take soyawa, ta ce a'a, da man gyaɗa ne, shi ya sa. Daga nan hanya ta yi kyau, sai shingen sojoji jefi-jefi, su leƙo su ga tsofaffi da tuluna su ce mu wuce. Mun wuce Kankiya da Charanci, gonaki duk an girbe, sai kara a tsaye da awaki.

A motar na lura ƙananan matanmu duk sun ɗaura jan kallabi. Na ɗauka anko aka fitar aka manta da ni, har na fara cika ina batsewa. Sai ɗaya ta ce mini ai yau ranar masoya ce, ta faɗi sunanta na Turanci da bakina bai iya ba. Wai miji ya saya wa matarsa fure, saurayi ya kai wa budurwa kyauta. Na ce a zamaninmu ranar masoya ita ce ranar da aka kawo dawa gida. Suka yi ta dariya, ni ma na yi.

Katsina ta fi yadda ake ba ni labari. A Ƙofar Ƙaura hanya ta nutse da mu ƙarƙashin ƙasa, wasu motoci suna wucewa ta kanmu, na riƙe tuluna da hannu biyu. Mutanen gari suna ta harkarsu, ban ga alamar sun san da wata ranar masoya ba. Sai da muka shiga harabar majami'a na ga ja da fari ko'ina, har jikin bagade.

A bakin ƙofa wata mai tsara zama ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama, ina Baba?" Na ce mata yana nan cikin garin, ya riga ni zuwa. Ta ce to in ya iso mu zauna gaba, kujerun gaba na ma'aurata ne. Da ta ga yadda na kalle ta sai ta gane, ta yi ta ba ni haƙuri, ta kai ni bencin baya wajen 'yan mata da gwagware. Ba laifinta ba ne, tsarin ranar ke nan.

Mun yi waƙa, kuma ba yabon kai ba, muryata ta kai har titi. Bayan mun zauna fasto ya ce kowane magidanci ya tashi ya kira matarsa da sunanta ya ba ta fure, ita ma ta kira shi da nasa. Na ga mata da furfura suna kama sunan mazansu a gaban jama'a ana tafi. Na zauna ina kallo daga baya, hannuna a kan cinya. Shekara talatin da wani abu ina zaman kaɗaici, ban taɓa jin nauyinsa kamar a bencin nan ba. Da aka fara rabon shinkafa na sulale na fita.

Mai keken da na tara ya ce mini Hajiya, na ce ban je ba. Ya ce to Allah Ya kai ni, na ce amin, don ban ga amfanin dogon bayani ba. Ya san maƙabartar, amma sai da ya zaga da ni ta Ƙofar Durbi ya sauke wata mai buhun gero, ya ɗauki wasu zuwa Ƙofar Sauri, sannan muka fita bayan gari.

Mai gadin wurin wani dattijo ne Bakatsine, Musulmi, da carbi a hannu. Mun daɗe muna gaisawa, ya tambayi hanya da gajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da masinja ne a ofis, ya iya karatun boko daidai gwargwado, kuma ɗansa ya kai shi Makka. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sai ya ce, "Baiwar Allah, mi sunan mamacin?"

Wallahi duk shirin da na yi ban taɓa tuna za a yi mini wannan tambaya ba. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Shekara ashirin da ɗaya muna tare da mutumin nan ban taɓa kama sunansa ba, a gabansa ko a bayansa. Bayan ya rasu ma haka. Akwai waƙarmu da sunan ya fito a ciki, in mun zo wurin sai in yi shiru masu amshi su cike. Kuma ina alfahari da haka, ko yanzu.

Na ce masa baban Ladi ne. Ya ce ba a rubuta haka a allo. Na ce manomi ne, dogo, mai wushirya. Ya ce allo ba ya nuna wushirya. Sai dabara ta faɗo mini, na ce sunansa sunan mutumin nan ne da aka jajjefe da duwatsu. A majami'armu ko ɗan yaye ka faɗa wa haka zai ba ka amsa. Dattijon nan ya tsayar da carbinsa ya dube ni.

"A'uzu billahi. Wanda mu muka sani ana jifa da duwatsu guda ɗaya ne, na jefe shi da hannuna a Mina. Ba na zaton akwai iyayen da za su raɗa wa ɗansu sunanshi."

Dariya ta kama ni har na dafa katanga, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce uwarsa ma har ta koma ga Allah ba ta kama sunan ubansa ba, ya san abin da nake ji. Amma nan babu kowa sai shi da ni da waɗanda ba su kai tsegumi. Ya juya mini baya ya ce in faɗa. Na faɗa a hankali. Ya ce kunnensa ya yi nauyi, in ɗaga murya.

"Istifanus."

Haka sunan ya fito, da muryar da nake ba da waƙa. Ya gyaɗa kai kawai ya shige gaba ina binsa. Layi-layi muka bi, yana sunkuyawa yana goge alluna da gefen rigarsa. Mun sami masu sunan guda biyu, ɗaya soja ne da aka binne ba da daɗewa ba, ɗaya kabarin jariri. Da muka kai tsohon ɓangare sai na ga babu alluna. Ya ce wasu tsatsa ta cinye, wasu masu sayen tsohon ƙarfe sun tsallako sun tumɓuke tun kafin a ɗauke shi gadi. Ƙasa ta baje, ba ka bambance kabari da hanya.

Ya ce, "Na wancan lokacin suna tsakanin bishiyar dogon yaron can da katangar nan. Iyakar abin da zan iya ce maki ke nan, ba zan nuna maki na wani ba."

Na zauna a gindin bishiyar. Ya kawo mini ruwa a kofi ya tafi sallar azahar. Gaskiya da farko fushi na yi. Na ce Ubangiji, abin da na riƙe shekara hamsin da 'yan kai na sake shi yau, ko tudun ƙasa ban samu ba. Ina cikin wannan mita sai labarin da muke ji kowane Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ya zo mini, na matar nan da ta je kabari ta tarar babu wanda take nema, ta tsaya tana kuka tana tambayar wanda ta ɗauka mai kula da lambu ne inda aka kai shi. Bai nuna mata kabari ba. Sunanta Ya kira, ta gane Yesu ne.

Nan na tsaya lissafin rabon da wani ya kira ni da sunana. 'Ya'yana Inna suke ce mini, jikoki Kaka, zumunta Mama. Shi kansa maigidan bai taɓa kama shi ba, "ke mai waƙa" yake cewa. Iyayen da suka raɗa mini sun daɗe da tafiya. Amma Yesu yana da shi, kuma ba Ya jin nauyin kiransa. Yana da na maigidana ma, ba a allon da tsatsa ke ci ba. Ran da zai kira, ba sai an nuna masa tsakanin wace bishiya da wace katanga ba. Ban daina baƙin ciki ba, kada in yi muku ƙarya, amma na ji ba ni kaɗai nake zaune a wurin ba. Na yi addu'a a kan filin gaba ɗaya, tunda ban san inda zan sa hannu ba, na yi waƙa ɗaya a hankali, wadda sunan yake ciki, ban tsallake ba.

Da na koma majami'a na tarar ana nemana, direba yana ta faɗa don ba a son rana ta faɗi muna hanya. Na ce musu gaisuwa na je. A hanyar dawowa suka yi ta hirar wanda ya ba matarsa fure mafi girma, ni ina kallon waje. Mun iso gida ana shigar da awaki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Duk wadda take da kabari a nesa ta je tun da sauran wanda zai nuna mata. Kuma ku da kuke tsara irin wannan rana, ku waiwayi bencin baya, akwai masu aure a can, mazan ne kawai suka riga su tafiya.

Cikin waɗanda suka raka ni ɗakin maigidana ranar da aka kai ni amarya, saura Talatu a Kafur, kunnenta ya mutu, sai an taɓa ta take juyowa. Saura Ayuba mai ganga, yana wajen ɗansa a Zariya, ba ya gane kowa. Sai ni.