Ranar da Marka ta share layin ruwan Garou

A tsakiyar damina aka haife ta, ruwa na zuba kwana uku bai ɗauke ba, shi ya sa sunan Marka ya bi ta har ya danne na yanka. Ta girma a Malanville, ta yi lakkol, karatun boko, a Parakou, ta dawo ta shekara tara tana buga wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, kafin ta koyi rubuta manhaja. Yanzu ita ke riƙe da wadda ke aika wa manoman shinkafar Garou saƙo a waya, kowa ya san ranar da zai buɗe ruwa a gonarsa.

Su biyu ke aikin, ita da taubashinta Awal da ke zaune Gaya, ƙetaren kogi. Aikin kamar itace yake: akwai babban reshe, kowa kuma yana da nasa ƙarami inda yake gyara, in ya gama ya haɗe. Duk abin da ya hau babban reshe, wani inji ne can nesa ke gwada shi, in ya ga lafiya ya kunna fitila kore, bayan azahar ya watsa saƙonni da kansa.

Wata Laraba da hantsi Marka ta gama gyara sunayen manoma da aka rubuta ba daidai ba, ta tura zuwa babban reshe. Aka ƙi karɓa. A bakin kogin nan waya takan yi tsalle tsakanin rezo, wato sabis ɗin waya, na Benin da na Nijar sau goma a yini, kuma duk abin da ya ƙi tafiya rezo ake zagi. Ba ta tsaya karanta dalilin ba. Ta tura da ƙarfi, irin turin da ke danne duk abin da ya tarar. Injin ya gwada, ya kunna kore.

Sai da ta kai shayi baki ta lura. Layin ruwan da ke kan allo, jerin ranakun buɗe ruwa, na bara ne. Sabon, wanda dattawan gabas da na yamma suka yi zama huɗu kafin su yarda da shi, Awal ya ɗora shi jiya, ita kuma ta share shi. Injin bai san ruwa ba, shi dai ya ga rubutu ya tashi. In azahar ta yi a haka, gobe ɓangare biyu za su haɗu a bakin magudana ɗaya, ɗaya da saƙo a hannu, ɗaya da yarjejeniyar dattawa, kowa yana cewa ranarsa ce.

Kwafi ɗaya ya rage a duniya, cikin ordinatar ɗin Awal, kwamfutarsa ta aiki. Shi kuwa al'adarsa ce kullum da safe ya shafe nasa ya daidaita da babban reshe. Ta kira sau uku kafin ya ɗauka.

"Awal, ka buɗe ordinatar yau?"

"Ba ko gaisuwa, baiwata? Mi ya hwaru?"

"Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?"

"Ina na gan ta? Tun asuba nike kasuwar bisashe, tsohuwa ta ce sai na zaɓo mata rago."

Marka ta yi hamdala.

"Allah shi yi wa Inna albarka. Tahi gida yanzu. In ka buɗe, kada ka jawo komi daga babban reshe. Turo naka a sabon reshe."

"Ke kin ka yi ɓarna ke nan? Malama guda?"

"Ni na yi. Hau kabu-kabu, ka yi dariyar bisa hanya."

Kafin rana ta take tsaka reshen ya iso. Suka haɗe su a hankali, waya a kunne. Wuri ɗaya kawai suka ci karo, layin wani tsoho Na'inna: suka ɗauki ranar daga na Awal, rubutun sunan daga nata. Injin ya yi minti biyu yana gwadawa, ya kunna kore. Ta karanta layin daga sama har ƙasa da bakinta, gabas Alhamis, yamma Asabar, sannan ta kulle babban reshen yadda ko ita ba za ta sake iya tura masa da ƙarfi ba.

Ladan ya kira salla, saƙonni suka fita. Ta ajiye wayar a gabanta tana jiran wanda zai kira da faɗa. Har la'asar ba wanda ya kira.