Ranar da Teku Ya Ƙafe Mana

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zo London neman maganin ido, muna zaune ne a wani ɗan flat a Edmonton, ni da maigidana. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta turo shi karatun injiniya. Idon Inna na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma hazo yake ta rufe shi. Likita ya sa ranar Litinin za a yi aiki, amma bai yi mana alkawarin komai ba.

Ranar Juma'a ta ce da ni, "Ke, wai da gaske akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa? Ku kai ni in gani tun ina da abin gani." A take maigida ya fita ya yi mana booking ɗin jirgin ƙasa.

Asabar da hantsi muka sauka daga jirgin ƙasa a wani gari na bakin teku, da tabarmarmu da kwanon shinkafa. Muka isa gaɓa. Innalillahi! Babu ruwa. Laka ce shimfiɗe iya ganinka, ga ƙananan jiragen ruwa sun kwanta a gefe ɗaya.

Maigida, injiniya guda fa, ya gyara tabarau ya ce, "Ai rani ne. Ya ƙafe, sai damina." Ni ma na yarda, tunda haka rafin garinmu yake yi. Damina ina, Litinin ina? Wallahi sai da na juya baya na share hawaye.

Inna ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, don haka ni ta fuskanta. "Ki ce masa ba komai. Amma ba a dawo da abinci gida, ku shimfiɗa mu ci." Muna ci tana lalube a yashi, sai hannunta ya faɗa kan katantanwa. Shi ke nan, ta samu aiki. Ta dinga tsinta tana ƙullewa a bakin mayafi, wai tsarabar matan unguwa. Na riƙe mata hannu muka yi ta bin gaɓa, tana tambayata launin kowacce.

Muna cikin haka wata tsohuwar Baturiya mai kare ta tsaya, ta ce mu janye tabarmarmu, ruwa na zuwa. Maigida ya tambaye ta a wane wata. Ta dube shi, ta dubi agogonta, ta ce ƙarfe biyu. Har yau in ya cika mini baki da ilimi, ƙarfe biyu kawai nake cewa.

Ruwan kuwa ya zo, ashe kullum haka yake janyewa ya dawo. A hankali ya fara, yana cika ramuka, yana tayar da jiragen nan ɗaya bayan ɗaya, har ya taɓa ƙafar Inna. Ta daɗe a tsaye, ta kare rana da hannu.

"Ina ƙarshensa?"

"Babu, Inna."

"To, na gani. Litinin su yi abin da za su yi."

Ranar da aka kwance mata bandeji a asibiti, ba ta nemi ganin fuskata ba, mayafinta ta nema. Ta kwance ƙullin a kan gado, ta ɗaga wata katantanwa kusa da taga.

"Ke," ta ce, "wannan kika ce mini fara ce? Ai ruwan hoda ce."