Ranar da na riƙe faifan intanet a Argungu

Ni na riƙe faifan da ya kashe mini sana'a. Da hannuna biyu.

Tun farkon kafa jihar Kebbi, aikina bin wayar tarho. Ban yi boko ba. Tsani nake ɗauka, rami nake haƙa. Bayan shekaru aka yi wani ɗan kasuwa mutumin kudu a Argungu, mai shagon kwamfuta, intanet ɗinsa ta wannan waya take zuwa daga Birnin Kebbi. Damina na sauka, fadama ta jiƙe, turaku su kwanta, shago ya mutu. Sai ya aiko a kira ni. In bi layi da ƙafa cikin taɓo da sauro har in gano inda ta tsinke. Faɗuwar waya ita ce tuwon gidana.

Wata shekara ya gaji. Ya sayo faifai fari, ya fi tabarmar sallar mutum uku faɗi. Aka ce daga sama zai riƙa jawo magana, babu turke ko ɗaya.

Injiniyan da ya kawo shi ya dubi rufin shagon, ya dubi tumbinsa, ya ce ba zai hau ba.

Mai shago ya ce, "Malam, kai ne biri a garin nan. Hau."

Na ce, "Oga, in haƙa kabarina kuma in shiga da kaina?"

Ya yi dariya. Na hau.

Suna ciki gaban kwamfuta, ina sama rungume da ƙarfe. Masu kifi da masu albasa sun cika titi. Injiniya yana ihu ta taga: "Dama kaɗan! Ya yi yawa! Koma!" Jama'a suna maimaitawa kamar su suka saye shi. Wani tsohon masunci ya ce, "Mi kake nema a sama, ɗan nan? Ko gajimare babu!"

Na sani in na karkace da gangan ba zai kama ba, kuma ba mai ganewa. Na tuna yarana. Amma wallahi son in gani ya fi ƙarfina. Na daina numfashi, na matsa shi kamar faɗin farce.

"Tsaya! Tsaya nan! Ya kama!"

Titi ya ɗauki sowa. Na ɗaure ƙusoshi, na diro ban bi tsani ba. A allon kwamfuta ga Ka'aba, ga mutane fari fat kewaye da ita. Na zaga bayan shago ina neman wayar da ta kawo ta. Babu. Sai na ji ina dariya ni kaɗai, har da hawaye.

Injiniya ya dafa kafaɗata ya ce, "Hannunka ba ya rawa. Akwai wasu da zan kafa. Za ka bi ni?"

Ko gida ban koma ɗaukar riga ba.

Yanzu ina Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi. Gwiwa ta ƙi hawa rufi. Ina ƙasa, ni ke ihun dama da hagu.